Injin awon suga lantarki yake ƙirgawa, shi ya sa wani lokaci yake sharara ƙarya

Duk gidan da ake da mai ciwon suga an san ɗan injin nan, a tsira yatsa da allura, a ɗiga jini a bakin sitirip, kafin ka goge yatsan lamba ta fito. 112, ko 240, ko 6.2 in injin ɗin irin mai ƙirga da milimol ne, in ka raba 112 ɗin da 18 za ka samu 6.2 ɗin. Mutane sun yarda da lambar nan sosai, a kanta ake ƙara insulin, a kanta ake fasa cin tuwon dare, a kanta ake ɗaukar tsoho a tafi asibiti da tsakar dare. To amma injin nan fa tun da aka ƙera shi bai taɓa ganin suga ba, ba shi da ido ba shi da harshe. Abu ɗaya kawai ya iya, ƙirga elektiron ɗin da suka shigo ta ɗan siririn layin kabon ko zinaren da ke jikin sitirip ɗin, wanda ake kira elektirod.

Ga yadda abin yake. A bakin sitirip an shafa wani enzayim busasshe, wato furotin mai sarrafa sinadarai, da jini ya taɓa shi sai ya jiƙe ya fara aiki, duk ƙwayar gulukos, wato sugan jini, da ya kama sai ya ƙwace mata elektiron 2. Akwai wani sinadari kuma da aka cakuɗa a wurin, aikinsa ɗan aike, ya karɓi elektiron ɗin daga enzayim ya kai wa elektirod ya dawo ya sake ɗauka. Batirin injin yana riƙe da elektirod ɗin a wani boltej ƙayyadadde don ya dinga zuƙe su. Kwararar lantarkin da ake samu ƙarama ce ƙwarai, ana maganar kashi kaɗan cikin miliyan na amfiya, ita ce ƙwaƙwalwar injin take dubawa ta ce wannan ya yi daidai da suga kaza. Shi ke nan. Kuma kusan duk wata na'urar awo mai aiki da lantarkin sinadarai haka take, ta awon gubar dalma ce, ta awon iskar oksijin a jini ce, ta manyan lab-lab ce da ake haɗawa da injin rarrabe sinadarai, duk uwa ɗaya uba ɗaya.

Masu wannan fanni tambaya biyu suke yi wa kowace irin na'ura. Ta farko kaifinta, wato in abin da ake nema ya ƙaru da ɗan mitsitsi, ita kuma nawa za ta motsa. Ta biyu tantancewarta, wato motsin da ta yi ɗin, abin da ake nema ne ya jawo shi ko wani ne daban ya shigo da rigarsa. Ka ɗauki sikeli a kasuwar Dawanau, ko da ya kai kaifin da ƙwayar gero ɗaya in ta faɗa buhu zai nuna, in an zuba mudu biyu na yashi a ƙasan buhun zai ƙirga maka su a matsayin gero, kuma ba zai nuna wata alamar shakka ba. Ni dai a ganina a nan duk rikicin fannin yake, kaifi shi ake talla da shi, shi ake rubutawa da manyan baƙaƙe, amma rashin tantancewa shi ne yake kai mutum kushewa.

Bari mu ɗan tsaya kan kaifin tukuna don akwai ruɗani a ciki. Mutane suna haɗa shi da mafi ƙarancin abin da na'ura za ta iya ganowa, alhali abu biyu ne. Ko ruwa zalla ka ba na'ura ba za ta tsaya cak a sifili ba, lambar za ta dinga ɗan rawa sama da ƙasa saboda zafi, da wayoyi, da lantarkin da yake taruwa a fuskar elektirod ɗin shi kansa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce sai alamar da ka samu ta ninka wannan rawar sau 3 kafin ka ce ka gano wani abu. Saboda haka mutum zai iya faɗaɗa elektirod ɗinsa ya samu kwararar lantarki ninki goma ya yi ta murna, alhali rawar ma ta ninka goma, bai ci ribar komai ba. Abin da ya sa wannan hanya ta lantarki take da kaifi tun asali shi ne lissafin Faraday, mol ɗaya na elektiron, wato mudun da masu kemistiri suke ƙirga ƙwayoyi da shi, yana ɗauke da cajin lantarki har kulom 96,485, mu kuma yau muna da na'urorin da suke auna kwararar da ba ta kai kashi ɗaya cikin biliyan na amfiya ba cikin sauƙi da araha. Wato ɗan abin da ko sikelin zinare ba zai ji ba, in dai yana ba da elektiron, za a ji shi. Kaifi bai taɓa zama babbar wahala a wannan fanni ba gaskiya.

Wahalar tana wajen cewa elektiron duk iri ɗaya ne. Wanda ya fito daga suga da wanda ya fito daga bitamin C babu tambari a jikinsu. Don haka duk wata tantancewa da ka ga na'urar nan tana yi, aro aka yi mata daga wani wuri, ko daga boltej, ko daga enzayim, ko daga wani tantani da aka rufe elektirod da shi, ko kuma an rarrabe sinadaran tun kafin su iso.

Boltej shi ne na farko kuma shi ne mafi rauni. Kowane sinadari yana da matakin da sai an ja shi da ƙarfin da ya kai haka zai saki elektiron ɗinsa, wani da ɗan ja kaɗan ya saki, wani sai an ƙara wuta sosai. In ka ɗaga boltej abin da kake nema zai fi ba da alama mai ƙarfi, amma fa duk wani sinadarin da matakinsa yake ƙasa da nan shi ma ya samu ƙofa. Leland Clark, Ba'amurken da ya ƙirƙiro elektirod ɗin awon oksijin a shekarun 1950, shi da Champ Lyons ne a 1962 suka kawo shawarar a ɗora enzayim a kan elektirod don awon gulukos, kuma a 1975 kamfanin YSI ya fito da injin lab na farko a kan wannan tunani. Enzayim ɗin sunansa gulukos oksides, daga wata funfuna ake samunsa, yana ƙona gulukos da oksijin ya fitar da haidurojin feroksaid, irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, sai elektirod na filatinom ya ƙirga feroksaid ɗin. Matsalar ita ce sai an ɗora kamar bolt 0.6 zuwa 0.7 kafin feroksaid ya saki nasa, a wannan matakin kuwa bitamin C ya daɗe da sakin nasa, sinadarin yurik asid da kowa yake da shi a jini ya saki, farasitamol ɗin da mutum ya sha da safe shi ma ya saki. Enzayim ya yi aikinsa tsaf ya zaɓi gulukos kaɗai, amma waɗannan ba su ma bi ta kansa ba, kai tsaye suka wuce wajen elektirod.

Abin da yake ceton awon suga a mafi yawan lokuta shi ne yawa. Gulukos a jinin mai lafiya yana wajen milimol 5 a lita, bitamin C kuwa da ƙyar yake kai kashi ɗaya cikin hamsin na haka, don haka ko ya shigo ba ya canza lissafi sosai. Amma a asibiti akan ɗura wa wasu majinyata bitamin C mai yawan gaske ta jijiya, misali waɗanda suka ƙone, a nan lissafin yake rushewa, injin ya nuna suga a sama alhali ba haka ba ne.

Ɗan aiken nan da na ambata a baya, an shigo da shi ne don a sauko da boltej. A 1984 masu bincike a Ingila, daga jami'ar Oxford da Cranfield, suka nuna cewa wani sinadari mai ƙarfe a tsakiyarsa da ake kira ferosin zai iya karɓar elektiron daga enzayim ɗin kai tsaye ba sai an jira feroksaid ba, kuma yana miƙa su a boltej mai ƙasa sosai. Daga nan ExacTech ya fito a 1987, ɗan inji mai siffar biro, shi ne kakan duk waɗannan da ake sayarwa a kemis yanzu. Boltej ya sauko, da yawa daga cikin masu kutsen sun tsaya a waje. Sai dai wata sabuwa ta ɓullo, shi gulukos oksides bai manta da oksijin ba, in oksijin ya yi yawa a jini, kamar majinyacin da aka sa wa abin numfashi, sai ya dinga ƙwace elektiron ɗin kafin ɗan aike ya karɓa, lamba ta fito ƙasa da gaskiya. In oksijin ya yi ƙaranci kuma ta haura.

To a nan ne aka yi canjin da ya ci rayuka, kuma wannan labarin shi ya kamata duk ɗalibin kemistiri ya haddace kafin ya haddace kowace fomula. Kamfanoni suka koma wani enzayim ɗin daban, wanda ake taƙaita sunansa da GDH-PQQ. Komai nasa ya yi kyau, ba ruwansa da oksijin, ga sauri, ga alama mai ƙarfi da ɗan jini kaɗan. Aibinsa ɗaya, ba ya bambanta gulukos da wasu 'yan uwansa, maltos da galaktos da zailos duk yana kama su ya ƙwace musu elektiron. A jinin mutum na yau da gobe babu maltos ɗin kirki, don haka miliyoyin mutane suka yi ta amfani da shi lafiya lau. Amma akwai masu ciwon ƙoda da ake yi wa wankin ƙoda ta ciki, ana zuba musu wani ruwa mai suna ikodekstirin wanda daga sitaci aka yi shi, jiki yana tsotsar wani ɓangare ya farfasa shi ya koma maltos, ya taru a jini tun da ƙodar da za ta fitar da shi ba ta aiki. Kuma da yawa daga masu wankin ƙoda ai ciwon suga ne ya kai su can. Nas ta zo ta auna, inji ya ce suga ya hau, a ba da insulin, a dawo a sake aunawa, har yanzu yana sama tun da insulin ba ya taɓa maltos, a ƙara wani. Shi kuwa gulukos na gaskiya yana ta faɗuwa har mutum ya shiga doguwar suma, kuma ana tsaye a kansa da inji a hannu yana nuna lamba mai kwantar da hankali. A watan Agustan 2009 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi, ta ce daga 1997 zuwa 2009 ta samu rahoton mutuwar mutum 13 ta wannan hanya, 10 daga cikinsu masu amfani da ruwan wankin ƙodar nan ne. A ɗaya daga cikin rahotannin inji ya nuna 200, lab ya auna ya samu 19.

Ka duba fa, babu abin da ya lalace a injin nan. Batirinsa lafiya, sitirip bai ƙare wa'adi ba, in ka maimaita sau goma zai ba ka kusan lamba ɗaya sau goma. Wannan shi ne abin tsoro da rashin tantancewa, na'urar da ba ta da kaifi za ka gane, za ta ce ba ta ga komai ba ko lambarta ta dinga tsalle, wadda ba ta tantancewa kuwa amsarta tsaf take fitowa har ka ƙara yarda da ita. Daga baya an gyara enzayim ɗin ta hanyar canza masa tsari don ya rage kama maltos, wasu kamfanonin suka koma wani mai suna GDH-FAD, shi kuma an san yana ɗan kama zailos. Kullum dai akwai wani abu da ya rage.

Yanzu kuma ga na zamani, ɗan faifan da ake mannawa a dantse ya yi kwana 10 ko 14 yana aika lamba zuwa waya. Da yawansu sun koma tsohon tsarin Clark na feroksaid, don haka tsohuwar matsalar ta dawo, na farko-farkon farasitamol yana ɗaga musu lamba har sai da kamfanin Dexcom ya sa wani tantani a samfurinsa na G6 da yake tare shi, shi ma iya giram 1 duk awa 6 aka lamunce. FreeStyle Libre 2 kuma takardarsa ta yi gargaɗi kan shan bitamin C fiye da miligiram 500 a rana. Wanda ya fi shafar mu shi ne haidiroksiyuriya, maganin da ake ba masu sikila, Dexcom da kansa ya rubuta cewa yana sa lambar ta haura ta ƙarya. A ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila a duniya wannan ba ƙaramar magana ba ce, ranar da waɗannan faifai suka yi araha suka cika kasuwa, likitan da yake ba da haidiroksiyuriya da wanda yake duba suga dole su san da zancen.

Akwai kuma wani kutsen da ba na sinadari ba ne, kaurin jini. Gulukos ɗin da ake aunawa a cikin ruwan jini yake, jajayen ƙwayoyi kuwa cunkoso suke yi a fuskar elektirod su rage saurin isowar ɗan aike. Mai ƙarancin jini, wanda PCV ɗinsa ya faɗi, hanya a buɗe take, lambarsa takan fito sama da gaskiya. Jariri sabon haihuwa mai jini kauri, tasa takan fito ƙasa. Ka tuna yawan mata masu ciki da yara masu maleriya da suke zuwa asibitocinmu da PCV a ƙasa. Sitirip na kirki yanzu suna da ƙarin elektirod da yake auna kaurin jinin ya gyara lissafi, masu araha kuwa ba duka ba. Ita kanta ƙa'idar duniya ta ISO 15197 ta 2013 abin da ta nema shi ne kashi 95 cikin 100 na awo su faɗo cikin 15 sama ko ƙasa in suga bai kai 100 ba, ko cikin kashi 15 cikin 100 in ya kai. Wato mai 200 na gaskiya injinsa zai iya cewa 175 ko 225 kuma injin ya ci jarrabawa. Wannan fa a lab mai sanyi ke nan, ba sitirip ɗin da ya yi wata biyu a kantar kemis cikin zafin Afrilu ba, alhali yawancinsu an rubuta a kwali kar a ajiye su a wurin da ya wuce digiri 30. Enzayim ai furotin ne, zafi da laima suna kashe shi a hankali, shi ya sa barin murfin robar a buɗe ba ƙaramar ɓarna ba ce.

In ana son ganin inda yawa ya juya wa mai awo baya, sai a leƙa ƙwaƙwalwa. Ralph Adams na jami'ar Kansas a farkon shekarun 1970 ya soka ɗan elektirod na kabon a ƙwaƙwalwar ɓera yana neman dofamin, sinadarin da jijiyoyi suke aika saƙo da shi. Ya samu alama kuwa mai kyau, sai dai yawancinta bitamin C ce, don a can ya ninka dofamin sau ɗaruruwa zuwa dubbai kuma kusan a boltej ɗaya suke sakin elektiron. Dabarar da ta taimaka daga baya ita ce rufe elektirod da wani tantani mai suna Nafion, yana ɗauke da caji negatif, bitamin C shi ma a jiki cajinsa negatif ne don haka ana tunkuɗe shi, dofamin mai caji na kishiya kuma ana janyo shi. An samu tantancewa, amma an biya, duk tantanin da ka ƙara yana rage saurin amsawa.

Peter Kissinger, wanda ya yi bincike a ƙarƙashinsa, ya bi ta wata hanyar a 1973, ya ce to a bar wa elektirod aikin da ya iya, rarrabewa kuma a ba wani. Sai aka dasa elektirod a ƙarshen bututun injin rarrabe sinadarai da ake kira HPLC, sinadarai suna bi ta cikin bututun kowa da saurinsa, su fito ɗaya bayan ɗaya, elektirod yana bakin ƙofa yana ƙirga kowa a lokacinsa. Da wannan aka dinga auna adirenalin da dangoginsa a jini a matakin fikogiram, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan na giram. A nan ma mai aikin sai ya zauna ya dinga ɗaga boltej kaɗan-kaɗan yana duba alama, ya tsaya daidai inda ta daina hawa sosai, don in ya wuce nan datti kawai zai ƙara. Kuma ko da bututun, in abu biyu suka fito a daƙiƙa ɗaya an koma gidan jiya, farasitamol ɗin nan dai an san shi da lalata wani gwajin da ake yi ta wannan hanya don gano ƙari a glandar da ke saman ƙoda, har sai an ce wa majinyaci ya dakata da shansa kwanaki kafin a ɗebi jini. Ga kuma dattin da yake mannewa a fuskar elektirod, yau ya ba ka 100 gobe 80 da samfuri ɗaya, sai an goge an sake saiti.

Na awon gishirin jini ba kwarara suke ƙirgawa ba, boltej ɗin da ya taru a kan tantani suke karantawa, kuma su kaifinsu Allah ya riga ya yanke, kusan milibolt 59 duk lokacin da abu ya ninka goma a zafin digiri 25, babu injiniyan da zai ƙara. Kuskuren milibolt 1 kacal ya kai kusan kashi 4 cikin 100 a sakamako. Duk gasar a tantani take. Sodiyam a jini yana wajen 140, fotasiyam wajen 4, amma ana auna fotasiyam ɗin daidai saboda wani sinadari mai suna balinomaisin da yake rungumar fotasiyam ya ƙi sodiyam da bambancin dubbai.

Sai dalma. A 2010 ne aka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara, su Dareta da 'Yargalma, daga baya Bagega, saboda dutsen zinare mai ɗauke da dalma da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. Ƙungiyar likitocin MSF da hukumar CDC ta Amurka da suka shiga, ɗan injin da suka riƙe a hannu LeadCare II ne, kuma dabararsa tana da daɗin bayani. Ana ɗibar ɗigon jini a zuba a ruwan asid mara ƙarfi don ƙwayoyin jini su fashe su saki dalmar, a ɗiga a sitirip, sai injin ya fara sa boltej ɗin da zai janyo dalmar ta taru ta manne a kan elektirod, ya ɗan jira tana taruwa, sannan ya juya boltej ɗin ta ɓalle gaba ɗaya a lokaci guda. Tarawar nan ita ce sirrin kaifinsa, abin da yake warwatse an tattaro shi wuri ɗaya, matakin boltej ɗin da ta ɓalle kuma shi ne shaidar cewa dalma ce. Minti 3 an gama, babu buƙatar wutar NEPA.

An ƙera shi ne don yaran Amurka, inda ake neman ɗan kaɗan, yana karanta daga 3.3 zuwa 65 na maikirogiram a desilita. A Zamfara kuwa a ƙauyuka biyun farko da aka bincika kashi 97 cikin 100 na yaran da aka auna sun kai 45 ko sun wuce, matakin da ake fara ba da maganin fitar da dalma ke nan, kuma mafi yawansu sun wuce 65 ɗin ma, wasu suna cikin ɗaruruwa. Sai injin ya dinga rubuta cewa ya yi sama kawai, babu lamba. Likita kuma yana buƙatar sanin wane ne mai 70 wane ne mai 300 don ya san wa zai fara kwantarwa. Dole aka ƙirƙiro hanyar sirka jinin yaron da jinin da aka tabbatar ba shi da dalma sosai, a auna, a ninka lissafi. Kaifin da ake taƙama da shi bai yi amfani a nan ba, faɗin zangon awo aka rasa, kuma wannan abu na uku ne da ba a cika ambatonsa ba.

Irin wannan injin dai ya sake shiga labari a 2017, FDA ta ce a daina amfani da shi da jinin da aka ɗebo daga jijiya don yana ba da sakamako ƙasa da gaskiya. Da aka bi diddigi, wani ɓangare na laifin yana jikin murfin robar wasu kwalaben ɗibar jini, akwai wani sinadari mai farar wuta a cikin robar da ake kira tayuram, yana sakin abin da yake kama dalmar ya riƙe ta gam, ta ƙi zuwa wajen elektirod. Dalma tana cikin kwalba amma injin ba ya jin ta, don shi wadda take sake kawai yake iya janyowa. Manyan injinan lab masu ƙona samfuri da wuta mai tsananin zafi ba su damu da wannan ba. Kutse ke nan ta ɗaya gefen, wancan na maltos ƙari ya yi, wannan ragi ya yi, yaro mai guba a jiki a ce masa ya tafi gida lafiyarsa ƙalau.

Shi ya sa nake ɗan jan tsaki in na ga irin takardun binciken da suke fitowa kullum, har daga jami'o'inmu, an shafa girafin, wato wani siririn nau'in kabon, ko ƙurar zinare a kan elektirod an ce an gano abu a matakin da ba a taɓa kaiwa ba. Ka duba ƙasa ka ga duk awon a ruwan lab mai tsabta aka yi shi, gwajin kutse kuma abu uku ko huɗu aka zuba, su ma a daidai yawan abin da ake nema, alhali a jini ko fitsari ko ruwan rijiya mai kutsen zai iya ninka shi sau dubu. Kuma yawancin abubuwan nan da ake shafawa don ƙara kaifi, faɗin fuska suke ƙarawa da saurin karɓar elektiron, wanda ke nufin kowa suke ƙara wa murya har da masu kutse. Gwajin da ya fi wuya kuma ya fi tsada shi ne a ɗauki samfurin gaske daga mutane daban-daban, mai ƙarancin jini, mai ciwon ƙoda, mai shan magani biyar a rana, a auna da sabuwar na'urar a kuma auna da wata hanyar da ba ta dogara da lantarki ba, a jera sakamakon gefe da gefe. A awon suga wannan hanyar ita ce ta hekzokaines da manyan lab suke amfani da ita, wadda maltos ba ya ruɗa ta, kuma awon lab irin wannan ne FDA ta ce a koma wa ga duk majinyacin da yake kan ruwan wankin ƙodar nan in injin gefen gado irin na PQQ ne.